Babi na Biyar: Manufa da Aljihu a Asibitocin Katolika na Amurka

A ƙasar Amurka, inda kuɗin jinya ya fi na kowace ƙasa tsada, kusan mutum ɗaya cikin kowane bakwai da aka kwantar a asibiti yana kwance ne a asibitin da ke ƙarƙashin cocin Katolika, ko ya san da hakan ko bai sani ba. Yawan waɗannan asibitoci ya haura 600, ban da gidajen kula da tsofaffi da ƙananan ɗakunan shan magani, kuma akasarinsu a yau sun daina zaman kansu, sun dunƙule cikin manyan rukunoni waɗanda kowannensu yake da hedkwata ɗaya da asusu ɗaya da hukumar gudanarwa ɗaya, ko da kuwa asibitocinsa sun bazu a jihohi goma ko ashirin. Rukunin CommonSpirit, wanda aka samar a 2019 ta hanyar haɗe wasu rukunoni biyu, yana riƙe da asibitoci wajen 140, sannan akwai Ascension da Providence da Trinity Health, waɗanda kuɗin da ke shiga hannun kowannensu a shekara ya zarce dala biliyan 20. A wurin doka, duk girman nan nasu, ƙungiyoyin taimakon jama'a ne da ba a kafa domin riba ba, saboda haka gwamnati ta ɗauke musu haraji. A wurin coci kuwa, hidima ce ta addini wadda bishop na kowace diyosis, wato yankin da yake shugabanta, yake da ta cewa a kanta. Idan aka tambayi shugabanninsu abin da ya raba su da sauran asibitoci, amsarsu guda ce, ita ce manufa.

Tushen manufar shi ne aƙidar cewa jinyar marar lafiya ci gaba ne na aikin warkarwa da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi, don haka ibada ce tun kafin ta zama sana'a. A kan wannan tushe koyarwar cocin game da zamantakewa ta kafa ginshiƙai uku waɗanda kusan kowane rukuni yake maimaitawa a takardunsa: darajar ɗan Adam, wadda ba ta ƙaruwa da dukiya ba ta kuma raguwa da cuta ko tsufa ko bambancin addini, maslahar jama'a baki ɗaya, sai kuma fifita matalauta, wanda ya fi sauran wuyar cikawa, ra'ayin da ya yi ƙarfi a tarukan bishop-bishop na Latin Amurka a Medellín a 1968 da Puebla a 1979. Abin da fifita matalauta yake nufi shi ne idan abin da ke hannu bai isa kowa ba, to wanda ya fi rauni shi za a fara dubawa, domin raba abu daidai wa daida tsakanin mai inshora da marar ita, ko tsakanin unguwar da likitoci suka cika da wadda ko kantin magani babu, ba ya rage tazarar da ke tsakaninsu. Tun a 1963 Fafaroma John na 23 ya lissafa kula da lafiya cikin haƙƙoƙin kowane mutum a wasiƙarsa mai suna Pacem in Terris, alhali har yau dokar Amurka ba ta tabbatar wa kowa da kowa wannan haƙƙi ba. Ke nan asibitin Katolika yana aiki ne da aƙidar da ta ɗauki jinya haƙƙi, a cikin kasuwar da ta ɗauke ta haja.

Ba za a gane yadda aka riƙe wannan manufa fiye da shekara ɗari ba sai an san waɗanda suka gina asibitocin da irin jarin da suka gina su da shi. Sistoci ne, wato matan da suka ɗauki alkawarin zaman zuhudu, babu aure, babu mallakar dukiya, sai biyayya ga shugabar ƙungiya. Salon hidimar ya samo asali daga Faransa, inda Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar Daughters of Charity a 1633, suka saɓa wa al'adar zamanin ta killace mata masu zuhudu a bayan katanga, suka tura su gidajen marasa lafiya. A Amurka kuwa, sistocin ƙungiyar da Elizabeth Seton ta kafa ne suka buɗe asibiti a birnin St. Louis a 1828, daga nan kuma ƙungiyoyi daga Ailan da Jamus da Faransa da Kanada suka riƙa bin sawun matalautan baƙi da ke kwararowa daga Turai zuwa biranen masana'antu da garuruwan haƙar ma'adinai, inda kwalara da agana da haɗarin aiki suke cin rayuka babu mai dubawa.

Sista Odilia Berger ta iso St. Louis daga Jamus a watan Nuwamban 1872 tare da 'yan abokan zuhudunta, dala biyar ce kawai a hannunsu, ana tsakiyar annobar agana. Gida-gida suka riƙa bi suna jinya, ita kuma tana yawo da kwando a hannu tana karɓar sadakar abinci da magani a wurin masu hali tana kai wa marasa shi, kuma saboda tsoron da jama'a ke yi na ɗaukar cutar, sukan kaɗa 'yar ƙararrawa idan suna tafe domin a kauce musu. Da suka buɗe asibitinsu na farko, St. Mary's Infirmary, a 1877, sai suka tanadi littafin lissafi kamar kowane mai sana'a, da sunan majinyaci da abin da ake bin sa, amma idan aka zo kan wanda ba shi da abin biya, sai a rubuta haruffa uku a gaban sunansa, O.D.L., masu nufin cewa wannan na Ubangiji ne, lissafinsa ya ƙare ke nan. A can arewa maso yammacin ƙasar, Sista Joseph ta ƙungiyar Providence, wadda ta iso yankin da ya zama jihar Washington daga Montreal a 1856, 'yar mai ƙera kekunan doki ce da ta iya kafinta da zanen gini. Ta buɗe asibiti mai gado huɗu a 1858, kuma idan kuɗi ya yanke sai ta hau doki ta yi makonni tana zagaya sansanonin masu haƙar zinariya a Idaho da Montana tana bara. Hatta shahararriyar cibiyar Mayo ta bunƙasa ne daga asibitin da Sista Alfred Moes da sistocinta suka tara kuɗi suka gina a Rochester ta jihar Minnesota, aka buɗe shi a 1889, shekara shida bayan wata guguwa ta ragargaza garin.

Littattafan da ƙungiyoyin suka rubuta game da kansu sukan tsaya a kan jarunta da imani, kuma babu mai musun su, amma akwai wani lissafi a ƙarƙashin labarin wanda ba a cika faɗa ba. Sadakar ta yiwu ne saboda ma'aikatan ba sa ɗaukar albashi: nas da mai haɗa magani da mai riƙe asusu da shugabar asibiti duk sistoci ne da ke kwana a harabar wurin, suna aiki daga asuba har dare, abin da masu hali suka biya kuma yana tafiya ne wajen cike giɓin marasa hali. Ba a buƙaci rubuta manufa a takarda ba, tunda matar da ke yanke shawarar a karɓi majinyaci ko a mayar da shi ita ce wadda ta sadaukar da rayuwarta domin a karɓe shi. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin a kansa aka gina asibitocin mishan irin su Sacred Heart na Abeokuta, wanda Fada Coquard ya fara a 1895, da St. Gerard na Kakuri a Kaduna, kuma a Najeriya ne wata 'yar Ailan, Mary Martin, ta kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary a 1937, shekara ɗaya bayan fadar Batikan ta ɗage takunkumin da ya hana sistoci karɓar haihuwa da yin tiyata.

Tarihin bai tsira daga tabo ba. A zamanin wariyar launin fata asibitocin Katolika da yawa sun bi abin da gari yake yi, ko dai su ƙi karɓar baƙar fata ko su ware musu sashe na daban, kuma ƙungiyoyin sistoci da dama sun daɗe suna ƙin ɗaukar 'yan mata baƙar fata a cikinsu. A 1933 aka mayar da St. Mary's Infirmary asibitin baƙar fata, inda likitocinsu suka sami damar aiki, aka kuma buɗe wa 'ya'yansu makarantar koyon jinya, wanda ci gaba ne a ma'aunin lokacin, ko da yake wariyar ce dai aka yi mata kwaskwarima. A garin Selma na jihar Alabama, asibitin Good Samaritan, wanda sistocin ƙungiyar St. Joseph suke gudanarwa, shi ne matattarar baƙar fata na yankin: a can Jimmie Lee Jackson ya cika a watan Fabrairun 1965 bayan wani ɗan sandan jiha ya harbe shi, a can kuma aka kai waɗanda 'yan sanda suka lakaɗa wa duka a kan gadar Edmund Pettus ranar 7 ga Maris, cikinsu har da John Lewis, wanda aka fasa wa kai, daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya. Duk da haka, abin da ya kawo ƙarshen wariya a asibitocin ƙasar, na coci da waɗanda ba na coci ba, shi ne dokar 'yancin jama'a ta 1964 da kuma sharaɗin da gwamnati ta gindaya cewa asibitin da ke wariya ba zai ga kuɗinta ba.

Shekarar 1965 ita ce mararraba. A cikinta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi. A cikinta aka kammala babban taron bishop-bishop na duniya karo na biyu a Batikan, wanda ya sauya rayuwar ƙungiyoyin zuhudu. A cikinta kuma yawan sistoci a Amurka ya kai ƙololuwa, wajen 180,000, daga nan ya fara gangarowa har ya koma ƙasa da 40,000, akasarinsu tsofaffi. A 1968 sistoci ko limamai ne suke shugabantar 770 daga cikin asibitocin Katolika 796, amma zuwa 2011 takwas ne kawai suka rage daga cikin 636. Kuɗin gwamnati ya shigo da ƙa'idojinsa, kuma daga 1983 Medicare ta daina biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe, ta koma biyan ƙayyadadden kuɗi a kan kowace irin cuta, lamarin da ya sa duk kwana ɗaya da majinyaci ya ƙara a gado ya zama asara. Ƙananan asibitoci suka kasa jurewa, aka shiga haɗewa, shugabanci ya koma hannun ƙwararrun masu gudanarwa da ake biya albashi irin na manyan kamfanoni.

Da masu ɗauke da manufar a jikinsu suka ƙare, dole ta koma ofis da takarda. Dokokin cocin da aka sabunta a 1983 sun ba da damar kafa wata majalisar amintattu da fadar Batikan ko bishop zai amince da ita, wadda za ta iya ƙunsar mutanen da ba limamai ba ne ba kuma sistoci ba, ta gaji ƙungiyar zuhudun wajen riƙon amanar asibitocin a madadin coci. A kowane rukuni kuma aka ƙirƙiro muƙamin jami'in kula da manufa, wanda yake zama da manyan shugabanni, yake shirya wa ma'aikata darussan tarbiyya a kan tarihin waɗanda suka kafa wurin da koyarwar coci, yake lura da masu yi wa majinyata addu'a da nasiha daga addinai daban-daban, kuma idan za a rufe wani sashe ko a sayar da asibiti, shi yake jagorantar zaman tantancewa inda ake tambayar wa matakin zai cutar da kuma ko akwai wata mafita. Kuskure ne a ɗauki wannan duka a matsayin ado, domin akwai ma'aikata da yawa da suka zaɓi aiki a waɗannan wurare saboda shi. Sai dai jami'in manufa ba shi da makami sai lallashi, mai kula da kuɗi kuwa yana da alƙaluma da masu ba da bashi a bayansa, alhali a da duka ayyukan biyu a hannun mace ɗaya suke.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi a wannan tsari ita ce kundin ƙa'idojin ɗa'a da addini wanda majalisar bishop-bishop ta Amurka take fitarwa tana kuma sabuntawa lokaci zuwa lokaci, kuma wajibi ne duk asibitin da ke ɗauke da sunan Katolika ya yi aiki da shi, ko da likitansa da majinyacinsa ba mabiya cocin ba ne. Sashensa na farko ya yi magana ne a kan nauyin al'umma da ke wuyan asibiti, ya lissafa waɗanda ya kamata a fi kulawa da su, cikinsu har da matalauta da marasa inshora da tsofaffi da naƙasassu da 'yan gudun hijira da masu fama da shaye-shaye, ya kuma amince da haƙƙin ma'aikata na samun albashin adalci da kafa ƙungiyar ƙwadago. A batun ƙarshen rayuwa ne tausayi ya fi fitowa a aikace. Kundin ya haramta kashe majinyaci da sunan jin ƙai ko taimaka masa ya kashe kansa, amma bai tilasta a ci gaba da riƙe mai mutuwa da na'ura ba. Ya bambanta jinyar da ake sa ran amfaninta da wadda wahalarta ko tsadarta ta rinjayi amfanin, ya bar wa majinyaci ikon ƙin ta biyun, ya kuma halatta a ba shi maganin kashe zafi gwargwadon buƙata ko da hakan zai iya rage masa kwana, muddin ba rage kwanan aka nufa ba. Wannan fage ne da sistoci suka riga likitoci shiga: wata ƙungiyarsu ta Ailan ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Dublin a 1879 da wani a Landan a 1905, kuma a na Landan ɗin ne Cicely Saunders ta yi aiki kafin ta kafa St Christopher's a 1967, wanda ake ɗauka mafarin irin wannan kulawa a zamanance. Ƙungiyar da Rose Hawthorne ta kafa a Niyok a 1900 domin matalauta masu ciwon daji da ba ya warkewa har yau ba ta karɓar ko kwabo daga majinyaci ko danginsa ko inshora, sai dai gadajenta kaɗan ne, kuma abin da sadaka za ta iya riƙewa a irin wannan gida ba za ta iya riƙe shi a babban asibiti mai ɗakin tiyata da sashen gaggawa ba.

Adalci kuwa a littafin kuɗi ake nemansa. A 1989 ƙungiyar asibitocin Katolika ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1915, ta fitar da wani jagora na yadda asibiti zai ware wa hidimar al'umma kaso a kasafinsa ya kuma lissafa ta, daga baya hukumar harajin Amurka ta ɗauki mafi yawan tsarin ta sa shi a takardar da asibitocin da ba na riba ba suke cikewa duk shekara. Dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan Obama, ta ƙara wajabta wa irin waɗannan asibitoci su binciki buƙatun lafiyar yankinsu duk bayan shekara uku, su kuma rubuta ƙa'idar sassauta wa marasa hali a inda kowa zai gani. Shugabar ƙungiyar a lokacin, Sista Carol Keehan, ta fito fili ta mara wa dokar baya alhali majalisar bishop-bishop tana adawa da ita saboda fargabar za a biya kuɗin zubar da ciki da asusun gwamnati, kuma Obama ya ba ta ɗaya daga cikin alƙalumman da ya sa hannu da su. Wasu rukunonin sun wuce jinya zuwa abin da ke haddasa cutar: Bon Secours ta gina ɗaruruwan gidaje masu sauƙin haya a yammacin Baltimore, Dignity Health kuma ta daɗe tana ba masu gina irin waɗannan gidaje rance mai ƙaramin ruwa, bisa hujjar cewa yaro mai asma da aka sallama zuwa ɗaki mai danshi da ƙura zai dawo sashen gaggawa ba da daɗewa ba. Amma ya kamata a yi hattara da manyan alƙaluman da rukunonin suke wallafawa da sunan hidimar al'umma, domin a ciki ake zuba giɓin da Medicaid ta bari da kuɗin horar da likitoci da na bincike, jinyar da aka yi wa matalauci kyauta kuwa wani yanki ne kawai na jimlar.

Sista Irene Kraus, wadda ta shugabanci rukunin asibitocin Daughters of Charity, ta kuma zama mace ta farko da ta jagoranci hukumar ƙungiyar asibitocin Amurka baki ɗaya, ita ake jingina wa maganar da ta zama take a wannan fage, cewa inda babu rara babu manufa. Rara a nan ita ce abin da ya saura bayan an cire duk abin da aka kashe, wanda da shi ake gyara gini da sayen na'ura da ɗaukar nauyin wanda bai biya ba, kuma maganar tata ba ta wuce abin da Bahaushe ya sani ba, cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asibitin St. Vincent's na Niyok ya tabbatar da ita ta hanya mai ɗaci. An buɗe shi a 1849 ana tsakiyar annobar kwalara, ya karɓi waɗanda suka tsira daga jirgin Titanic a 1912, ya buɗe sashen masu cutar ƙanjamau a 1984 lokacin da ake gudun su, ya karɓi waɗanda harin 11 ga Satumba 2001 ya rutsa da su, amma a watan Afrilun 2010 aka rufe shi da bashin wajen dala biliyan ɗaya a kansa, aka gina gidajen alfarma a filinsa. Illar maganar ita ce tana da sauƙin juyawa, domin da zarar an yarda cewa rara sharaɗin manufa ce, to duk matakin da zai ƙara rara yana iya samun uzuri da sunan manufa.

A 2022 jaridar New York Times ta wallafa jerin bincike da ya nuna inda wannan juyawa take kaiwa. A birnin Richmond na jihar Virginia akwai wani ƙaramin asibiti a unguwar matalauta baƙar fata, wanda likitoci baƙar fata suka kafa a farkon ƙarni na 20, daga baya ya koma hannun Bon Secours. Wani shirin gwamnatin tarayya na 1992, wanda ake kira 340B, yana ba asibitocin da ke kula da matalauta damar sayen magunguna da rangwame mai yawa su kuma caji kamfanonin inshora cikakken farashi, bisa fatan ribar za ta koma wa matalautan, sai dai dokar ba ta tilasta hakan ba. Binciken ya nuna cewa an yi wa wasu cibiyoyi da ke unguwannin masu hali rajista a matsayin rassan ƙaramin asibitin domin su ci rangwamen, har kason ribarsa a takarda ya fi na kowane asibiti a jihar, alhali an rufe masa sashen kulawa ta musamman, majinyacin da ya jigata sai ya jira a kai shi wani wuri. Rukunin ya kare kansa da cewa ya zuba kuɗi masu yawa a unguwar. A jihar Washington kuwa, inda doka ta wajabta wa kowane asibiti ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi jinya kyauta ko da rangwame, rukunin Providence, magajin ƙungiyar da ta buɗe asibitin nan mai gado huɗu, ya ɓullo da wani shiri a 2018 da taimakon kamfanin ba da shawara na McKinsey, aka horar da ma'aikata su tambayi majinyaci ta wace hanya zai biya tun kafin a yi zancen ko yana da halin biya, batun sassauci kuwa sai idan duk hanyoyin sun toshe. Dubban mutanen da suka cancanci jinya kyauta aka miƙa sunayensu ga kamfanonin karɓo bashi.

Idan aka ajiye wannan kusa da yadda ake aiwatar da hane-hanen kundin game da haihuwa, bambancin yana fitowa sarai. Kundin ya haramta zubar da ciki da ba da maganin hana ɗaukar ciki da ɗaure mahaifa domin tsayar da haihuwa. A farkon 2010 bishop na yankin ya raba gari da asibitin St. Charles na garin Bend a jihar Oregon saboda yana ɗaure wa mata mahaifa. A birnin Phoenix kuma, a ƙarshen 2009, aka kawo wata mata mai 'ya'ya huɗu da cikin mako 11 asibitin St. Joseph's da hawan jini na jijiyoyin huhu, likitoci suka ce idan cikin ya ci gaba da wuya ta rayu, kwamitin ɗa'a na asibitin, wanda Sista Margaret McBride take ciki, ya amince a cire shi; Bishop Thomas Olmsted ya bayyana cewa sistar ta fitar da kanta daga zumuntar coci, sannan a watan Disambar 2010 ya janye sunan Katolika daga asibitin, duk da cewa ƙungiyar asibitocin Katolika ta ƙasa ta ce asibitin ya bi ƙa'ida. Waɗannan hane-hane su ma suna da alaƙa da adalci, domin wani rahoto na 2020 daga ƙungiyar Community Catalyst, mai fafutukar kare majinyata, ya ƙirga yankuna 52 da asibitin Katolika ne kaɗai ke kusa, kuma matar da take son a ɗaure mata mahaifa yayin tiyatar haihuwa, idan tana da mota da inshora mai kyau za ta tafi wani gari, idan ba ta da su sai ta haƙura.

Bishop yana da ikon cire sunan Katolika daga asibiti, kuma a Bend da Phoenix an ga ya yi amfani da shi. Umarnin kula da matalauta yana cikin kundi ɗaya da hane-hanen, har ma ya riga su a jeri, amma ba a sa masa ma'auni ba: bai faɗi kaso nawa na kuɗin shiga za a kashe a jinya kyauta ba, bai kuma faɗi inda bin majinyaci bashi yake zama saɓa wa aƙida ba, saboda haka keta shi ba ya jawo hukunci irin na keta sauran. A Richmond 'yan jarida ne suka tona lamarin. A jihar Washington babban lauyan gwamnatin jiha na lokacin, Bob Ferguson, shi ya kai Providence kotu a 2022 a ƙarƙashin dokokin jihar, kuma a watan Fabrairun 2024 rukunin ya amince ya mayar da kuɗi ya kuma yafe bashi na kusan dala miliyan 158 ga majinyata wajen 100,000.